Tafintan Tsofaffin Wasanni

Idan la'asar ta yi sanyi a Kontagora, ka bi ta rumfar mai cajin waya ko gindin bishiyar da samari ke yada zango, da wuya ka rasa wani ya kwantar da wayarsa a hannu biyu, manyan yatsunsa na kai-komo a kan gilashi, ƙannensa sun yi masa rumfa ta baya. Ƙwallo yake bugawa. Tambaye shi sunan abin, zai ce maka PPSSPP. Ya san wanda zai tura masa fayil ɗin, ya san yadda ake kwance shi da ZArchiver, ya san jakar da ake zuba shi, ya kuma san saitin da zai taɓa idan gem ɗin ya fara sarƙewa. Abin da bai dame shi ba shi ne, gem ɗin nan ba don waya aka yi shi ba. Na PSP ne, wata 'yar na'urar wasa ta hannu da kamfanin Sony ya fitar a Japan a Disambar 2004, ya daina fitar da ita a 2014. Ita PPSSPP manhaja ce da wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki a Nuwambar 2012, kuma aikinta ɗaya ne: ta ruɗi gem ɗin ya zaci har yanzu a cikin PSP yake zaune.

Kwaikwayon na'ura ke nan, dabarar da ta girmi yaron da wayarsa. Ni kuwa reshen tarihinta da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na wasannin labari masu hoto, waɗanda ba gudu ba harbi a cikinsu. Tatsuniya ce aka cusa mata kacici-kacici. Ana damƙa maka mutum guda ka yi ta yawo da shi daga ɗaki zuwa ɗaki, ka tsinci igiya a nan, ka ji wata magana a bakin tsohuwa a can, sai bayan kwana uku kana kwance ka farga ashe igiyar nan ce za ta fid da kai daga rijiyar da ta tare maka hanya. Yawancinmu ba mu riske su a zamaninsu ba. Lokacin da suke tashe, daga 1984 zuwa 1998, kwamfuta a garuruwanmu kayan ofis ce da banki, yaran gari kuwa sai Nintendo da Sega a shagon haya.

Kakansu ba shi da hoto ko ɗaya. A 1976 wani ma'aikacin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, wanda ke da sha'awar shiga koguna, ya rubuta wasan da aka sani da Colossal Cave Adventure a kan wata ƙatuwar na'ura mai suna PDP-10. Kwamfuta ta rubuta maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata kalma biyu, ka ce a je arewa ko a ɗauki fitila. Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. Wannan wasa ne ya shiga hannun wata matar aure a Kalifoniya, Roberta Williams, ta buga shi har ta ƙure, ta nemi irinsa ta ga ba su da yawa, sai ta zauna ta tsara nata a takarda. Mijinta Ken ya rubuta manhajar. A watan Mayun 1980 suka fitar da Mystery House a kan kwamfutar Apple II, labarin wani gida da ake kashe baƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Hotunansa kimanin 70 ne, zanen layi tsurarsa kamar na ɗan firamare a allo, amma shi ne karon farko da irin wannan wasa ya zo da hoto. A 'yar leda suke ƙulla faifan su sayar kan dala 24.95, kuma sun sayar da sama da kwafi 10,000. Da kuɗin suka koma gindin duwatsun Sierra Nevada, kamfaninsu ya ɗauki sunan Sierra On-Line a 1982.

Abin da ya ceci waɗannan wasanni daga baya, a 1984 aka dasa shi, kuma ba don ceto aka dasa shi ba. Kamfanin IBM ya ba Sierra kwangilar wasan da zai nuna bajintar sabuwar kwamfutarsa ta gida, PCjr. Suka yi King's Quest, inda a karon farko mai wasa ke ganin jaruminsa, Graham, yana takawa a cikin hoto mai launi 16, yana zagaya bishiya ta gaba da ta baya. PCjr ba ta yi kasuwa ba, IBM ya daina ƙera ta a 1985. Da a jikinta aka ɗinke wasan, da tare za a binne su. Sai dai kasuwar lokacin ta riga ta koya wa masu rubuta manhaja darasi. Akwai Apple II, akwai Commodore 64, akwai Tandy, daga baya ga Amiga ga Atari ST, kowacce da yarenta, ba mai jin na wata. Wanda zai sake rubuta wasa daga tushe don kowace na'ura, talauci zai kashe shi. Don haka suka raba aikin gida biyu. Labarin da hotunan da ƙa'idojin wasan, wato idan an taɓa kaza a yi kaza, aka rubuta su sau ɗaya cikin wani yare na musamman da babu na'urar da ke jin sa. Sannan kowace na'ura aka yi mata ƙaramar manhaja da za ta riƙa karanta wannan yare tana mayar mata da shi nata.

Sunan da suka ba wannan ƙaramar manhaja a Turance shi ne ainihin kalmar da muka ara muka mayar tafinta. Mutanen Kontagora sun san aikin tafinta tun bayan da sojojin Ingila suka shigo garin a 1901, lokacin da magana ba ta wucewa tsakanin Bature da fada sai ta bakinsa. Jawabi ɗaya ne. Idan masu saurare sun canja, tafinta ake canjawa, ba a taɓa jawabin. Kamfanin Infocom ya riga Sierra yin haka tun 1979 da wasanninsa na rubutu zalla irin su Zork. Sierra ta kira nata tafintan AGI, ta maye gurbinsa da SCI a 1988.

A wani gefen Kalifoniya kuma, George Lucas, mai fim ɗin Star Wars, ya buɗe sashen wasanni a 1982, wanda daga baya ya zama LucasArts. A can wani matashi, Ron Gilbert, ya gaji da abu guda a wasannin Sierra: kana gane abin da ya kamata ka yi, amma ka rasa kalmar da kwamfuta ke so ka rubuta, ka yi ta gwada kalmomi kamar mai neman makulli a duhu. Da shi da mai zane Gary Winnick suka yi Maniac Mansion a 1987, suka jera aikatau 15 a ƙasan hoton, buɗe, rufe, ɗauka, bayar da sauransu. Ka nuna aikatau, ka nuna abu, shi ke nan. Commodore 64 da aka yi wasan dominta kilobayit 64 ne duka ƙwaƙwalwarta. Wayar yaron can na rumfar caji, ko da mai gigabayit 2 ce, ta ninka ta sau 32,768. Don ya cusa gida mai ɗakuna da yawa da 'yan wasa bakwai a wannan ƙunci, Gilbert ya shafe watanni yana gina yare da tafintansa, aka sa masa suna SCUMM.

Shekara goma SCUMM na ɗauke da kamfanin: Zak McKracken a 1988, Loom da The Secret of Monkey Island a 1990, Monkey Island 2 a 1991, Indiana Jones and the Fate of Atlantis a 1992, Day of the Tentacle da Sam & Max Hit the Road a 1993, Full Throttle da The Dig a 1995, har zuwa The Curse of Monkey Island a 1997. A cikinsu Monkey Island na farko ne nake ganin Bahaushe zai fi jin daɗinsa. Wani saurayi ne, Guybrush Threepwood, ya ɗaura aniyar zama ɗan fashin teku alhali ba abin da ya iya. Faɗan takobi a wasan da baki ake cin sa. Abokin karawa ya jefo maka baƙar magana, kai kuma ka zaɓo amsar da ta dace da ita. Idan ta zauna daram ka matsa gaba, idan ka yi sake ya tura ka baya. Sai ka yi ta yawo kana shan zagi kafin ka tara amsoshi. Duk wanda ya taɓa ganin Bakatsine da Banufe, ko Bafulatani da Babarbare, sun haɗu a tasha suna wasan barkwanci, ya san wannan fage. LucasArts ta kuma ɗauki wata ƙa'ida da Sierra ba ta bi ba: ba a kashe mai wasa don ya taɓa abin da bai sani ba, ba a kuma bari ya maƙale don ya manta wani abu tun farkon labari. A wasannin Sierra kuwa mutuwa ruwan dare ce, ka taka dutse ba daidai ba ka faɗa rami.

Faɗuwarsu ba ta ɗauki lokaci ba. Doom ya fito a Disambar 1993, kasuwa ta karkata ga harbi da hoto mai zurfi. An sayar da Sierra a 1996, ranar 22 ga Fabrairun 1999 kuma sababbin masu ita suka rufe tsohon ofishinta na Oakhurst suka sallami ma'aikata. Grim Fandango, wasan LucasArts na 1998, ya sha yabo bai kawo kuɗin da aka zata ba, a 2004 LucasArts ta soke sabon Sam & Max da ake tsakiyar yi. Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin George Lucas, a 2012, ya rufe sashen ƙera wasannin a Afrilun 2013.

Kafin kamfanonin su mutu ma, faifan da mutane suka saya da kuɗinsu sun fara ƙin tashi, kuma dalilan suna da ban sha'awa. Na farko sauri. Kwamfutar IBM ta 1981 tana bugawa sau miliyan 4.77 a daƙiƙa. Masu rubuta wasa da yawa, idan suna son a ɗan dakata, ba agogo suke dubawa ba, cewa suke na'ura ta ƙirga daga ɗaya zuwa kaza, don sun san tsawon lokacin da ƙirgar ke ci. Da na'urori suka ninka sauri sau ɗari, ƙirgar ta zama ƙiftawar ido. A Space Quest IV akwai wuraren da 'yan sandan wasan ke harbe ka kafin ka ɗaga ƙafa, Quest for Glory IV kuma ya yi suna da wata tangarɗa mai lamba 52 da ke rufe wasan a wajen fadama. Na biyu sauti. Wasannin kai-tsaye suke magana da katin sauti, AdLib na 1987 ko Sound Blaster na 1989, a wani adireshi da suka haddace. Ranar da katin ya ɓace daga kasuwa, sai wasa ya yi ta sallama a ƙofar da ba kowa. Na uku, babbar manhajar da suke zaune a kanta, MS-DOS, ita ma an janye ta. Windows 95 da 98 a kan DOS aka gina su, don haka sun yi haƙuri da tsofaffin wasanni. Windows XP ta Oktoban 2001 ta yanke wannan jijiya, Windows mai bit 64 kuma ta daina karɓar manhajar DOS ɗungurum. Ga shi faifan filofi, mai cin megabayit 1.44, maganaɗisu ne a shafe a kan leda, zafi da laima na cinye shi, ramin da ake zura shi ma an daina sa wa kwamfuta.

A nan ne matsalar wasa ta bambanta da wadda muka sani ta finafinai. Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya fito. Wanda ya samu kaset mai kyau da bidiyo mai aiki, sau ɗaya zai juye shi a kwamfuta, fim ya tsira, domin fim ba ya jiran ka ce masa komai. Wasa kuwa hira ce. Ko ka kwafe kowane ɗigo da ke kan faifan, abin da ka samu jawabi ne a yaren da ba mai ji. Sai an samo wanda zai karanta ya amsa.

A Satumbar 2001 wani ɗalibin kwamfuta ɗan Suwidin, Ludvig Strigeus, ya so ya buga Monkey Island 2 a kwamfutarsa mai Linux, abin ya ƙi. Sai ya lura da abin da Gilbert ya bari: labarin da hotunan da kiɗan suna nan lafiya lau a fayilolinsu, tsohon tafintan ne kawai ya kurumce. Ba shi da asalin rubutun LucasArts, don haka ya ɗauki tsohon tafintan ya riƙa warware shi umarni bayan umarni, kamar telan da aka kawo wa babbar riga ba tare da awo ba, ya farke ɗinkin don ya gane yadda aka yanka ta, sannan ya yanka tasa a sabon yadi. Wani Bafaranshe, Vincent Hamm, wanda shi ma yake ta tonon SCUMM a nasa ɓangaren, ya haɗu da shi. A Oktoban 2001 suka saki ScummVM, kyauta, a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka da gyarawa bisa sharaɗin ya bayyana cewa ya ɗauka, ya kuma buɗe nasa gyaran ga jama'a. Strigeus bai daɗe ba ya kama gabansa. Shi ne daga baya ya rubuta µTorrent a 2005, ya kuma kasance cikin waɗanda suka gina manhajar Spotify. Aikin ya koma hannun 'yan sa-kai, James Brown ya ja ragama na wasu shekaru, daga baya Eugene Sandulenko ɗan Yukren.

Masu aikin kan ja kunnen mutane cewa ScummVM ba ta kwaikwayon wata na'ura, kuma gaskiyarsu ce. Sabon tafinta ce kawai. Shi ya sa ba ta da nauyi, shi ya sa kuma aka iya kai ta kusan ko'ina, Windows, Mac, Linux, Android, har PSP ɗin da muka fara da ita. Amfaninta na biyu, tunda ita ke karanta umarnin wasan, tana iya gyara kuren da masu wasan suka bari, irin tangarɗar ƙirgar nan. Illarta kuwa, kowane yare sai an zauna an koye shi daban, aikin da kan ci shekaru.

LucasArts ba ta yi murna ba. A 2002 lauyoyinta suka aika wa masu aikin takardar su dakata, bisa zaton sun ɗauki rubutun kamfanin. Aka shafe shekaru ana kai-komo kafin a daidaita, kuma abin da ya tsare su shi ne ba su kwafi layi ko ɗaya ba, ba sa kuma raba fayilolin wasannin. Sai ka kawo naka faifan. Dama tun a 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke wa Sony da kamfanin Connectix hukunci cewa warware manhaja don a gane aikinta a gina wata mai jituwa da ita ba laifi ba ne. Wani ƙaramin kamfani a birnin York na Ingila, Revolution Software, ƙarƙashin Charles Cecil, ya ɗauki wata hanya dabam. Ya miƙa musu asalin rubutun Beneath a Steel Sky, wasansa na 1994 da Dave Gibbons ya zana, sannan a Agustan 2003 ya saki wasan kyauta ga kowa. A ganina wannan kyauta ta fi hukuncin kotu tasiri, domin ita ta nuna wa sauran kamfanoni cewa yaran nan ba ɓarayi ba ne. Adventure Soft ya ba da na Simon the Sorcerer, masu Flight of the Amazon Queen suka saki nasu a 2004. Ƙungiyoyin da ke aiki kan yarukan Sierra su ma suka shigo inuwa ɗaya, Sarien mai AGI a 2006, FreeSCI a 2009. A 2020 aka haɗe da ResidualVM, wadda ta kawo Grim Fandango. Yau ɗaruruwan wasanni ke tashi a ScummVM, yawancinsu ba su da alaƙa da SCUMM ɗin da sunan ke ɗauke da shi.

Hanya ta biyu a Holan aka share ta. Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg suka saki DOSBox a 2002, kuma su ba su tsaya koyon yaren kowane wasa ba. Tsohon garin suka sake ginawa gaba ɗayansa a cikin manhaja: ƙwaƙwalwar Intel, katin hoto na EGA da VGA, katin Sound Blaster a adireshin da wasa ya saba sallama, har DOS ɗin kanta. Tsohon tafinta ya farka ya ga komai na nan yadda ya bari, ya ci gaba da aikinsa bai san an yi shekara talatin ba. Wannan shi ne kwaikwayo na haƙiƙa, ɗan'uwan PPSSPP. Idan ka buɗe DOSBox baƙin allo za ka tarar da harafin Z yana jiran ka. Ka rubuta mount c tare da sunan jakar da wasan yake, ka shiga c:, ka kira sunan wasan. Idan ya yi gudu ka rage masa da Ctrl da F11, idan ya yi nawa ka ƙara da Ctrl da F12, wato ka riƙe linzamin saurin da ya kashe mutane a Space Quest IV. DOSBox ba ta zaɓen wasa, kusan komai na DOS tana ɗauka, amma da kurensa da komai za ta ba ka shi, tana kuma cin ƙarfin na'ura fiye da ScummVM. Reshen asali ya yi sanyi, fitowarsa ta 0.74-3 tun 2019 ce, sai rassa irin su DOSBox-X da DOSBox Staging suka ɗauki tafiyar.

Daga nan reshe ya juye da mujiya. Kamfanonin da ke da haƙƙin wasannin suka wayi gari suna da kayan sayarwa amma ba su da hanyar tayar da su, wasu ma asalin rubutun ya ɓace musu a ƙaure-ƙauren ofis. A 2007 id Software ya zuba tsofaffin wasanninsa a kasuwar Steam a naɗe cikin DOSBox. A 2008 kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe GOG, kasuwar da aka kafa kacokan kan tsofaffin wasanni, mafi yawan na DOS ɗinta a kan DOSBox ko ScummVM suke tafiya. A ƙarshen wannan shekara kuma aka gano cewa wasu wasannin yara uku da aka fitar don Nintendo Wii, Freddi Fish da Pajama Sam da Spy Fox, ScummVM ce a cikinsu ba tare da an ambace ta ba, saɓanin sharaɗin GPL. Wannan karon 'yan sa-kai ne suka nemi lauya. A sulhun 2009 aka yanke wa ragowar kwafin wa'adin sayarwa, aka biya kuɗin lauyoyi, aka kuma ba Free Software Foundation gudummawa. A Oktoban 2014, shekara 12 bayan takardar gargaɗin LucasArts, Disney ya kawo wasannin kamfanin GOG, kuma Sam & Max Hit the Road da aka sayar a can ScummVM ce ke tayar da shi.

Ban ce an gama ba. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa ta halal. Internet Archive ta zuba wasannin DOS kimanin 2,400 a Janairun 2015, ana buga su kai-tsaye a burauza, amma haƙƙin mallakar da yawansu na hannun kamfanonin da ba sa sayarwa, ba sa kuma yafewa. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood ba za mu ce haƙƙi wasa ne ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya buga fim ɗin da ya fito jiya ya sayar a bakin kasuwa, da wanda ya kwafe faifan da ke ruɓewa wanda mai shi ya manta yana da shi. Doka dai ba ta cika ganin wannan bambanci ba.

Akwai kuma abin da tafinta bai iya ɗaukowa. Hoton yawancin wasannin ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye, an kuma zana shi don tsohon allo mai ƙoƙo irin na talabijin ɗin da, wanda ke miƙa ɗigon sama ya kuma ɗan narkar da shi cikin na kusa. Mark Ferrari, wanda ya yi zane a Loom da Monkey Island na farko, launi 16 kacal yake da su, sai ya riƙa jera ɗigon shuɗi da na baƙi kamar saƙar tabarma, allo ya gauraya su ido ya ga sararin magariba. A gilashin waya mai kaifi saƙar ce ke fitowa fili, idan kuma ba a kunna gyaran tsayi ba, wata mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Kiɗan ma haka. Mawaƙan Sierra don Roland MT-32 suka tsara shi, wani akwatin sauti na 1987 da kuɗinsa ya haura dala 500, yawancin masu wasa ba su taɓa jin sa ba sai ƙarar AdLib. Akwai manhajar Munt da ke kwaikwayonsa, amma tana buƙatar fayilolin cikin akwatin, su kuma na Roland ne.

Sai kwalin kansa. Monkey Island na 1990 yana zuwa da wani faifan kwali mai hawa biyu da ake juyawa, an zana rabin fuskokin 'yan fashin teku a na sama, rabi a na ƙasa. Kafin wasa ya buɗe zai nuna maka wata fuska, ya tambaye ka shekarar da aka rataye mai ita a wani tsibiri. Sai ka juya kwalin har goshi da haɓa su dace, ka leƙa ta 'yar taga ka karanto shekarar. Maganin masu kwafar faifai ne, domin a 1990 kwafar filofi ta fi kwafar kwali mai juyawa sauƙi. ScummVM kan tsallake wannan tambaya a yawancin wasannin, tunda kwalayen sun yage ko sun ɓace, kuma kamfanin da kansa ya cire ta a wasu fitowar baya. Amma a cikin saitinta an bar wurin da za ka mayar da ita, idan har yanzu naka kwalin na nan a akwati.